Ɗan wasan sinuka ya sallama alhali maki 43 na kan tebur, me ya kamata alƙali ya yi?

Mai_Alli:
Assalamu alaikum. Ni nake alƙalancin wata ƙaramar gasar sinuka tsakanin 'yan kulob ɗinmu, sai wani abu ya taso da har yanzu ake ta ce-ce-ku-ce a kansa. Ɗaya yana da 52, ɗayan 22, saura jajayen ƙwallaye biyu a tebur. Mai 22 ya ɓarar da wata ja mai sauƙi a bakin ramin tsakiya, ransa ya ɓaci, ya ce ya sallama, ya sa bakin sanda ya ture jar. Shi kuwa mai 52 ya ce sam, ba ya son nasarar kyauta, a ci gaba. Na tsayar da wasa, na mayar da jar inda take, na ba mai 52 maki huɗu, aka ƙarasa. Wasu na cewa tunda mutum ya furta da bakinsa ai magana ta ƙare. Masana, ina gaskiyar take?

Tsohon_Rafali:
Wa alaikumus salam, Malam. Fara da lissafi tukuna. Kowace ja (maki ɗaya) ana ƙirga ta da baƙa (maki bakwai), takwas ke nan, biyu 16. Sauran launuka daga rawaya zuwa baƙa 27. Jimla 43, tazara kuma 30. Ashe mai 22 ɗin zai iya cinye wannan zagaye ba tare da ya jira abokinsa ya yi laifi ko ɗaya ba. To a dokokin WPBSA, hukumar ƙwararrun 'yan sinuka ta duniya, sashe na 4 da ya shafi 'yan wasa, ba a yarda mutum ya sallama zagaye ba sai an kai matakin da ɗaya daga cikinsu ke buƙatar makin laifi, wato makin da ake samu in abokin karawa ya yi laifi, kafin ya kamo. Wanda ya yi kafin nan, ana ɗaukarsa a matsayin rashin ɗa'a.

Sannan sallamawa tayi ce kawai. Abokin karawa na da ikon karɓa ko ƙi, in ya zaɓi a ci gaba ta rushe. Nan ka yi daidai, haka ma maki huɗun. Abin da ban ji ka ambata ba shi ne gargaɗi. Ka gaya masa a fili, kowa na ji, cewa in ya sake irin wannan za a ba abokinsa zagaye. In ya kuma bayan nan, wasan ne ɗungurungum zai tafi. Kuma ko da mai 52 ya karɓa, gargaɗin na nan daram.

Baƙar_Ƙwallo:
Yallabai, ni fa abin da na sani sai wanda bugu ke hannunsa ne zai iya sallamawa. Wannan kuwa ya riga ya ɓarar. Kuma gaskiya dokar ta cika tsauri. Fitaccen ɗan sinuka Ronnie O'Sullivan da kansa ai ya miƙa wa abokin karawarsa Stephen Hendry hannu ya fice a gasar UK Championship ta 2006 a York, Hendry na gaba da 4 da 1, wasan da sai an ci zagaye tara.

Tsohon_Rafali:
Wancan sharaɗi na tsohon littafi ne, ɗan'uwa, an cire shi. Batun O'Sullivan kuma, ka ƙarasa labarin mana: an ci shi tarar fam 20,800, an zabtare masa maki 900 na jadawalin duniya. Mutane sun biya kuɗi su kalli wasa, kuma inda ake caca a kan sakamako, sallamawa da wuri na jawo zargi ko da mutum zuciya ce kawai ta ɗebe shi.

Wani wuri da sababbin alƙalai ke tuntuɓe: in tazara 43 ce kuma 43 ta rage, har yanzu ba a sallamawa, don ana iya yin kunnen doki a dawo da baƙa tebur don a raba gardama. Sai ta kai 44.

Mai_Alli:
Na gode, Baba. To in ya sallama, ɗayan ya karɓa, sannan ya dawo ya ce ya fasa fa?

Tsohon_Rafali:
Babu fasawa, ga mai bayarwa da mai karɓa duka. Kai dai kada ka taɓa ƙwallo ko ɗaya sai ka dubi ɗayan ka ji amsarsa da kunnenka, sannan ka sanar.