Kwamfuta a cikin kwamfuta don gwada manhaja: ya kuka ƙare da ita?

Daga Birnin Kebbi: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na rubuta wa wani Alhaji mai sayar da shinkafa 'yar manhajar lissafin kaya. Kwamfutar shagonsa Windows 10 ce, ta ɗansa kuma Windows 11, ni kuwa guda ɗaya gare ni, ta kan tebur mai RAM 8GB. Ina so in ɗora VirtualBox, manhajar da ke ƙirƙirar kwamfuta a cikin kwamfuta (wadda ake ce wa inji), in gwada duka biyun a ciki. Wanda ya taɓa yi ya ba mu labari.

Daga Gusau: Wa'alaikumus salam. Kafin komai shiga BIOS, wato saitin da ake shiga lokacin kunna kwamfuta, ka kunna VT-x, wanda ke ba kwamfuta mai Intel damar tafiyar da inji, in kuma AMD ce ka nemi SVM. Tawa ta hannu na saya, a kashe na same shi, injin ya ƙi tashi sai da na kunna.

Daga Argungu: Malam, 8GB ɗin nan za ta yi, amma da ƙyar. Windows 11 kaɗai tana neman 4GB da filin ajiya 64GB da TPM 2.0, wato na'urar tsaro ta cikin kwamfuta. Na TPM ba damuwa, tun VirtualBox 7 ake iya saka shi a saitin injin. Ɗaya bayan ɗaya za ka riƙa kunna su. Ni abin da ya canza min aiki SSD ne, wato faifan ajiya mai sauri. Da tsohon faifai, sai in kunna injin in je in yi alwala in dawo yana nan yana juyi.

Daga Ƙauran Namoda: Duk ba ku taɓo babbar matsalarmu ba, wato wuta. Ta kan tebur ba ta da batir. Ina tsakiyar sabunta Windows a cikin injin aka ɗauke wuta, da ta dawo ya ƙi buɗewa sam. Abin da ya cece ni snapshot ne, wato ajiyayyen hoton yanayin injin da ake iya komawa kansa: na ɗauki ɗaya tun ranar da na gama saka Windows, kafin in zuba komai. Na koma kansa, cikin minti kaɗan komai ya dawo fes. Yanzu haka nake gwaji, in saka manhaja, in ga yadda ta yi, in mayar da injin baya, kullum kamar sabuwar kwamfutar kwastoma. Sai dai snapshot yana kan faifai ɗaya da injin, faifan ya mutu duk sun tafi tare, kuma in suka taru suna cin fili sosai. Ka kwafe injin a faifan waje, ka nemi ko ƙaramin UPS, wato akwatin batir mai riƙe wuta, da zai ba ka damar kashewa cikin natsuwa.

Daga Zuru: Yaya, in ka ga ɗan koren kunkuru a ƙasan tagar VirtualBox, to Hyper-V ne, tsarin Windows mai irin aikin VirtualBox, ya riƙe VT-x, shi ya sa take jan ƙafa. Da na kashe shi ta saki jiki.

Daga Birnin Kebbi: Allah ya saka da alheri. To firintar rasit ɗin Alhaji fa?

Daga Gusau: Kana iya miƙa wa injin ita ta USB, ni ta yi min. Amma wannan ɓangaren gara ka ɗauki ƙafa ka je shagon, ka buga rasit a kan kwamfutarsa kafin ka karɓi cikon kuɗinka.