Austerity: tsuke bakin aljihu ko tauye mudu?

1/ Jama'a, ina neman gudummawarku a kan kalma ɗaya. Austerity ɗin nan da ke yawan fitowa a labaran Birtaniya, an saba fassara ta da "tsuke bakin aljihu". Ta zauna a baki, ban musa ba. Amma duk lokacin da na ji ta sai in ji kamar mun yi wa George Osborne, tsohon ministan kuɗin Birtaniya na jam'iyyar Conservative, aikin wanke suna a kyauta.

2/ Magidancin da ya tsuke bakin aljihu, aljihunsa ya tsuke. Ya rage nama a miya, ya ɗage ɗinkin sallah, ya haƙura da sabon babur, kuma yabonsa ake yi, a ce mutum ne mai tattali. Hoton da jam'iyyar Conservative ke son a gani ke nan tun zamanin Firayim Minista Margaret Thatcher, wai ƙasa kamar gida ce, uwargida ta ƙirga kuɗin cefane. To wane magidanci ne yake da babban banki, yake yanka wa maƙwabta haraji, yake cin bashin da sai bayan shekara 30 zai biya?

3/ Mu duba abin da aka yi, sannan mu raɗa masa suna. A 2008 da 2009 gwamnatin Leba ta Gordon Brown ta zuba kusan fam biliyan 45 don ceto bankin RBS kaɗai. A 2010 David Cameron na Conservative ya hau mulki da haɗin gwiwar Nick Clegg na jam'iyyar Liberal Democrats, Osborne ya riƙe baitulmali, aka ce bashi ya yi yawa, kowa ya ɗaure ciki. A Janairun 2011 harajin VAT ya tashi daga kashi 17.5 zuwa 20, harajin da talaka ke biya daidai da attajiri. A Afrilun 2013 aka fara yanke kashi 14 na tallafin haya ga mai zama a gidan haya na gwamnati idan yana da ɗaki ɗaya da ake ganin ya yi masa yawa, kashi 25 idan biyu ne. A cikin watan nan dai aka sauke harajin masu babban albashi daga kashi 50 zuwa 45. Harajin kamfanoni kuwa daga 28 ya gangaro har 19. A 2017 aka ce ɗa na uku ba shi da kaso a tallafin yara. Ƙungiyar Trussell, mai rumbunan rabon abinci, ta raba ƙunshin agaji sama da miliyan 3 a shekarar 2023 zuwa 2024, a ƙasar da ke cikin manyan masu arzikin duniya. Aljihun wa aka tsuke a nan?

4/ Na tattara shawarwarin da aka ba ni. Wani malamina ya ce "tsumulmula". Tana da daɗin faɗi, sai dai mai tsumulmula har kansa yake hanawa, su kuwa waɗannan ba su hana kansu komai ba. Wata 'yar'uwa da ke aikin jinya a Manchester ta ce kawai a ce "gashin ƙuma". Yaya, na ji zafin da ya sa kika faɗi haka, amma wannan sunan azabar ne, bai nuna ta inda aka ɓullo ba. "Matsi" ya yi faɗi, har tsadar fetur ma matsi ce. Dattawan da suka ga zamanin Shagari sun tuna mini cewa a 1982 kalmar Turancin aka riƙa faɗi yadda take, kowa kuma ya gane a tukunyarsa.

5/ Tawa shawarar: tauye mudu. Duk wanda ya taɓa zuwa awo ya san mai tauye mudu. In zai karɓa sai an cika masa har da tozo, in zai ba ka sai ya buga gindin kwanon ya loɓa. Haraji a cike, asibiti da makaranta da laburaren unguwa a tauye. Kalmar ta nuna akwai mai awo, akwai wanda aka auna wa, akwai kuma haƙƙi a tsakaninsu.

6/ Wani ɗan jarida ya ce mini, Malam, ai ka yanke hukunci a cikin kalmar, ba za ta shiga labaran ƙarfe bakwai ba. Gaskiyarsa. Amma "tsuke bakin aljihu" ma hukunci ce, ta wanke gwamnati tun kafin a zauna shari'a. To mu raba. A labarai a ce "zaftare kuɗin hidimar jama'a", doguwa ce amma ba ta yabo ba ta zagi. A sharhi da hira, tauye mudu.

7/ Na gwada ta a jimla in ji ko za ta tsaya. A Yulin 2024 Keir Starmer, firayim ministan Leba na lokacin, ya dakatar da 'yan majalisar Leba 7 saboda sun ƙi amincewa a ci gaba da tauye wa ɗa na uku mudu. Ni dai ta zauna mini. Mutanen Damagaram da Maraɗi, ku da kuke awo da tiya, ko "tauye tiya" za ku ce?