Neman kalma: "driver" ta injin fotokwafi, ni dai na tsaya a kan "tafinta"

1/ Salamu alaikum jama'a, musamman masu gyaran kwamfuta da akawun ofisoshi da masu shagunan buga takardu a nan Kaduna. Akwai 'yar manhajar da ake ɗora wa kwamfuta kafin ta iya tura aiki zuwa firinta ko injin fotokwafi, wadda Bature ke kira "driver". Ina so mu tsayar mata da suna. Nawa ra'ayin shi ne mu riƙa cewa tafinta, jam'i kuma tafintoci.

2/ A yanzu "direba" kowa ke cewa. Ka gaya wa akawu matsalar daga direba take, sai ka tsaya yi masa bayanin cewa ba mai tuƙa motar ofis kake nufi ba, kuma bayan bayanin ma kalmar ba ta nuna masa inda zai duba. Wani ɗan'uwa ya kawo "matuƙi". Hausa ce tsantsa, amma ciwon ɗaya ne, don wannan manhajar ba tuƙi take yi ba.

3/ Ga aikinta. Manhajar lissafin kuɗi irin QuickBooks ko Sage 50, wadda tsofaffin akawu har gobe suke kira Peachtree, ba ta san yadda ake magana da inji ba. Shi injin yarensa daban. Akwai PCL na kamfanin HP, wanda ya bazu tare da LaserJet tun 1984. Akwai PostScript na kamfanin Adobe, sa'ansa a shekaru. Canon na da nasa da ake kira UFR II. Manhajar da muke nema wa suna ita ke tsayawa a tsakiya, ta karɓi shafin rasit daga manhajar lissafi, ta juya shi zuwa yaren da injin ke ji. Mutumin Kaduna ba baƙon wannan aiki ba ne. Ya ga tafinta a kotu da asibiti da wajen wa'azi, ya kuma san idan aka kawo wanda ba ya jin yaren mai ƙara, shari'a ba ta tafiya ko da alƙali da mai ƙara duk lafiyarsu ƙalau.

4/ Na ga wannan ƙiri-ƙiri a ofishin wani mai sayar da kayan gini ta wajen Titin Ahmadu Bello. Ƙarshen wata ne, akawu ya tura takardar albashi mai shafi biyu. Inji ya kama zubo takardu, kowace da layi ɗaya ko biyu na baƙaƙen da ba sa karantuwa, sai da aka zare masa wuta. A saman shafin farko an rubuta %!PS-Adobe. Alhaji ya ce, "Malam, ko dai injin nan ya tashi aiki ne?" Na ce, "Ranka ya daɗe, injinka lafiya lau. Tafintan da aka ɗora yana yi masa PostScript, shi kuwa PCL kaɗai yake ji." Nan take ya gane, bai nemi ƙarin bayani ba. A manyan injinan ofis da yawa PostScript ƙari ne da ake saye daban, kuma na hannu da ake kawo mana sau da yawa ba su zo da shi ba. Aka cire wancan, aka ɗora na PCL, takardar ta fito.

5/ Abin da ya ƙara min ƙarfin gwiwa shi ne sauran matsalolin ma suna faɗuwa da wannan kalmar ba tare da an tilasta ta ba.

Girman takarda. Mu A4 muke amfani da ita, milimita 210 da 297. Amurka kuwa Letter, inci 8.5 da 11. Manhajar da aka tsara don kasuwar Amurka sau da yawa a kan Letter take tsayawa. Sai inji ya kunna jar fitila yana neman takardar da babu ita a aljihunsa, ko ya buga ya yanke gefen rasit. Word na bugawa daidai, manhajar lissafi na ƙi, sai a ɗora wa injin laifi. Abin da za a ce: a duba girman da tafinta ke faɗa wa inji, a kuma duba na cikin samfurin rasit ɗin kansa, don shi ma yana riƙe da nasa.

6/ Wannan kuma ya fi damuna, don ya shafi harshenmu. A allo ka ga Ɗanjuma da Ƙaura da alamar ₦ tsaf, a takarda su fito akwati ko alamar tambaya. Dalili shi ne tafinta ya bar injin ya musanya haruffan kwamfuta da nasa na ciki, waɗanda ba su da ƙ da ɗ da ɓ. A cikin saitin tafinta akwai wurin da za a umarce shi ya aika haruffan daga kwamfuta, ko ya aika su a matsayin hoto. Sunan mutum a takardar albashinsa ba abin wasa ba ne, bai kamata a saba da ganinsa a lalace ba. Idan kuwa tun a allon akwati ake gani, ba laifin tafinta ba ne, manhajar ce ba ta san haruffan ba.

7/ Sai injinan da aka sa wa lambar sirri ta kowane sashe don ƙidaya takarda, kamar yadda ake yi a na Canon da Ricoh. Idan ba a shigar da lambar a tafinta ba, kwamfuta za ta nuna aiki ya tafi, inji kuma ya watsar da shi.

8/ An yi min suka biyu, kuma duk suna da nauyi. Wata 'yar'uwa ta ce ai tafinta ma daga Turanci muka aro. Haka ne, Yaya, amma ta daɗe da zama 'yar gida kamar tebur da asibiti, kaka a ƙauye ta san ta. Wani mai rubuta manhaja kuma ya ce su ma suna buƙatar kalmar don abin da ke karanta yaren rubuta manhaja na Python layi-layi. Wannan gaskiya ce. Mafita ita ce a riƙa jingina ta: tafintan firinta, tafintan kyamara, tafintan katin sauti, su kuma su ce tafintan Python. "Mahaɗi" da aka kawo zai rikice da wayar da ke haɗa inji da kwamfuta. "Ɗan aike" kuwa saƙo yake kaiwa yadda aka ba shi, ba ya juya shi.

9/ Ga yadda za a gane mai laifi kafin a kira mai gyara. A ɗora takarda a gilashi a yi kwafi. Idan ta fito, jikin injin lafiya. A buga shafin gwaji daga Windows. Idan bai fito ba, a duba waya da adireshin injin, wato lambar da kwamfuta ke nemo shi da ita a netwok ɗin ofis, don bayan ɗauke wuta yakan tashi da sabon adireshi idan ba a tsayar masa da ɗaya ba. Idan ya fito, a ajiye rasit ɗin a matsayin PDF daga manhajar lissafi a buɗe shi. In ya lalace tun a nan, gyaran na cikin manhajar. In ya yi kyau amma bugawa kai tsaye ta ƙi, a sauko da tafintan da kamfanin injin ya yi wa wannan samfurin, a gwada na PCL 5 idan na PCL 6 ya ƙi, don tsofaffin manhajoji sun fi jituwa da shi.

10/ Saura "spooler", inda ayyuka ke taruwa suna jira, wanda idan ɗaya ya maƙale duk na bayansa ke tsayawa. Ni "layin bugu" nake ce masa. Masu shaguna a Kawo da Tudun Wada da Barnawa, ku me kuke cewa?