Abin da muka tattara kan ƙwayoyin hanji da lafiyar zuciya

Hirar ta taso ne bayan an kwantar da wani maƙwabcinmu da ciwon zuciya, shekarunsa ko 50 ba su kai ba. Ga abin da na tsinta daga bakin waɗanda suka san harkar.

Hanjinmu cike yake da ƙananan ƙwayoyin halitta, abin da muka ci shi ne abincinsu. Idan jan nama ko gwaiduwar ƙwai suka isa can, wasu daga cikin ƙwayoyin sukan sarrafa sinadaran karnitin da kolin da ke cikin waɗannan abincin su fitar da wani sinadari mai suna TMA, hanta kuma ta mayar da shi wani sinadarin da ake kira TMAO. A 2011 da 2013 Stanley Hazen da abokan aikinsa masu bincike na asibitin Cleveland Clinic a Amurka suka nuna cewa yawan TMAO a jini yana tafe da ƙarin haɗarin toshewar jijiyoyin jini. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, waɗanda suka daɗe ba sa cin nama, ko an ba su karnitin, TMAO ɗan kaɗan jikinsu ke fitarwa.

Shawarar da aka fi nanatawa ita ce a rage tsire da balangu na kowane dare, a yawaita wake, zogale, kuka da kuɓewa. Wata dattijuwa ta tuna mana cewa wurin surfe muke zubar da dusar gero wa awaki, alhali irin wannan harzar ce ƙwayoyi masu amfani ke ci. Na yarda da ita ƙwarai.

An kuma ja kunne kan shan maganin kashe ƙwayoyin cuta daga kemis ba da umarnin likita ba, domin har na kirkin yake kashewa.