Abin da na tsinta kan mutuwar 'yan tsaki a buruda

Kwana uku a jere ina kwasar gawar 'yan tsaki da asuba a buruda, wato ɗakin da ake ɗumama su, abin ya dame ni wallahi, shi ne na kai kuka wajen masu kiwon kaji na nan Bukuru, ga abin da suka ce min.

Yawancinsu sanyi suka fara zargi, kun san Jos da hunturu. Suka ce satin farko zafin buruda ya kai digiri 32 zuwa 35 na Celsius, sai a riƙa ragewa kamar 3 duk sati, kuma ko babu ma'auni ka duba 'yan tsakin, in sun cunkushe kan juna jikin wuta sanyi ne har na ƙasa su mutu, in sun gudu bango suna haki zafi ya yi yawa. Wata hajiya ta ce nawa kurfoti ne, na toshe ko'ina da leda hayaƙin gawayi yana shaƙe su, kuma gaskiyarta, ni ma kaina na ciwo in na shiga.

Sai kuma suka ce a ba 'yan tsaki ruwan gulukos ranar da suka iso, shimfiɗa ta zama busasshiya, a yi rigakafin cututtukan kaji, wato na Gumboro da Lasota, kan lokaci. In na ga jini a kashinsu kuwa, sun ce in ɗauki gawa sabuwa in kai cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a duba.