Seoul Station: fim ɗin zombi ne ko kukan marasa galihu?

Sadiku_Gwammaja:
Salamu alaikum jama'a. Akwai wanda ya kalli Seoul Station a nan? Katun ne na Koriya ta Kudu da ya fito a 2016, na Yeon Sang-ho, mutumin da ya yi Train to Busan a shekarar. Labarin daren da annobar zombi ta ɓarke ne a birnin Seoul, kafin jirgin ƙasan nan na Train to Busan ya tashi zuwa Busan.

Ni dai farkonsa ya kama ni. Wani tsoho marar wurin kwana yana jan ƙafa, jini na zuba daga wuyansa. Wasu samari biyu suna tsaye suna hirar yadda ya kamata gwamnati ta kula da lafiyar kowa, suka hango shi, ɗaya ya nufe shi zai taimaka, da warin jikinsa ya buge shi sai ya ja da baya. Shi ke nan fa. Abokin tsohon ya yi ta zarya yana neman wanda zai duba shi, ko'ina sai a sallame shi da baki, kafin ya dawo da ɗan magani tsoho ya cika. Daga nan cizo ya fara yaɗuwa a cikin masu kwana a tasha, kuma ba wanda ya kula, don dama ba a kallon su.

Abin da ya hana ni sakewa shi ne zanen. Tafiyar mutanen a sandare take, fuska ba ta cika motsi ba, su kansu zombin ba su ba ni tsoro ko kaɗan. To tambayata: labarin ya isa ya rufe wannan aibin, ko kuwa albarkacin Train to Busan kawai yake ci?

Yaya_Hadiza:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ni a ganina ba don tsoro aka yi shi ba, shi ya sa ka ji shi salam. Ka duba finafinan mutumin na baya, The King of Pigs na 2011 da The Fake na 2013, duk katun ne, duk kuma a kan muguntar ɗan Adam suke. Zombi ƙofa ce kawai ya samu.

Tuna wurin ofishin 'yan sanda. Hye-sun, yarinyar da labarin ke bi, da wasu marasa wurin kwana sun shigo a guje, sun kulle kansu a cikin sel don tsira, ɗan sandan kuwa ya ɗaga musu bindiga, shi a tunaninsa 'yan tasha ne suka tayar da tarzoma. Haka can gaba, an jera motocin bas an toshe titi, mutane masu rai suna roƙo a buɗe musu, zombi na tahowa ta baya, jami'an tsaro na fesa musu ruwa. Wallahi wannan ya fi tayar min da hankali a kan duk wani cizo.

Inda na yi hawaye shi ne cikin ramin jirgin ƙarƙashin ƙasa. Hye-sun tana kuka tana so ta koma gida, dattijon da ke tare da ita shi ma ya fashe da kuka, don shi ba shi da gidan da zai koma.

Baban_Amir:
Hajiya ki yi haƙuri, ni Hye-sun ɗin ce ta ishe ni. Kuka daga farko har ƙarshe. Ta shiga wuri ta bar ƙofa a buɗe, ana neman ta a waya amma a kasa haɗuwa, fim na minti 92 kusan rabinsa "kina ina?" ne. Saurayin nata Ki-woong kuma ba a magana, kuɗin haya ya gagare shi sai ya saka hotonta a intanet yana neman mata maza. Wa zan goyi baya a cikinsu? A Train to Busan akwai uba da 'yarsa, akwai ƙaton nan mai mata mai ciki, kana addu'a su tsira. A nan babu.

Sannan alaƙar finafinan biyu siririya ce. Shim Eun-kyung da ta yi muryar Hye-sun ita ce yarinyar da ta faɗa jirgi da cizo a farkon Train to Busan, amma wanda ya zo neman asalin cutar zai tashi hannu rabbana.

Yaya_Hadiza:
Baban Amir, yarinyar da ta gudu daga gida, ta faɗa gidan karuwai, ta sake guduwa, kana so ta zama jarumar Indiya? Rashin wanda za ka so ɗin ai da gangan ne.

Sadiku_Gwammaja:
Wanda bai kalla ba ya tsallake nan. Yaya, na yarda da ke a kan ƙarshen. Duk tsawon fim ina tausayin Suk-gyu, uba yana ratsa gari cikin dare yana neman 'yarsa Hye-sun. Ashe ba ubanta ba ne, kawalin da ta gudo masa ne, kuɗinsa yake bi. Kuma a ina suka haɗu? A gidan nan na talla da masu sayar da gidaje ke ƙawatawa, ga kujeru ga gado, amma ba mai kwana a ciki. Nan ta samu ta kwanta. Da ta tashi a zombi ta afka masa, ban ji tausayinsa ba ko ɗis.

Amma kan zane ina nan a kan bakata. Da 'yan wasa na gaske aka yi amfani, irin masu murɗe jikin nan na Train to Busan, da wurin toshe titin ya fi haka nauyi.

Maman_Ilham:
Don Allah ku riƙa faɗa wa mutane ba na yara ba ne. Mai gidana ya ga katun ya tura wa yara a waya, Allah ya taimaka na leƙa da wuri na karɓe. Akwai zagi, akwai jini, ga zancen karuwanci a fili.