Sallar yara a makarantun Ingila idan sanyi ya shigo

Wata uwa, Manchesta: Assalamu alaikum jama'a. Ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba za a mayar da agogo baya da awa ɗaya, daga nan Azahar da La'asar a makaranta suke riskar yara. Masu 'ya'ya a sakandare, wace dabara ce ke aiki?

Malamin Islamiyya, Landan: Wa alaikumus salam Hajiya. A Disamba, nan Landan, Azahar kan shiga wajen 12:00, La'asar wajen 1:40, rana kuma ta faɗi kafin 4:00. Azahar ba ta da wuya, tana faɗowa a hutun cin abinci. La'asar ce ke kuɓucewa: an tashi wajen 3:15, yaro ya tsaya jiran bas, kafin ya kai gida Magariba ta yi. Ya sallace ta a makaranta da zarar an tashi, minti biyar ne. A lura kuma, jadawalin masallatai da yawa na ɗauke da La'asar biyu. Ta baya ta Hanafiyya ce, ta farkon ita ce tamu ta Malikiyya. A nuna wa yaro wannan da yatsa, kar ya zauna jiran lokacin da bai shafe shi ba.

Wani uba, Lesta: Gaskiya ne Malam, amma sai an samu wuri tukuna. Doka ba ta tilasta wa makaranta ta ware ɗakin salla ba. A Afrilun 2024 Babbar Kotu ta bai wa makarantar Michaela da ke unguwar Wembley a Landan gaskiya kan hana salla a harabarta. Saboda haka kar a shiga da faɗa. A rubuta wa malamin da ke kula da ajinsu takarda tun Satumba, a faɗi abin da ake nema dalla-dalla: aji ɗaya da ba kowa, minti goma a hutun rana, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Iyaye uku ko huɗu su sa hannu tare. Abin da ya fi kawo cikas shi ne rashin babban da zai zauna da yaran, don ba sa barin ɗalibai a ɗaki su kaɗai. Idan akwai malami Musulmi a makarantar, a nemi yardarsa kafin a kai takardar.

Wata malamar firamare, Manchesta: Ni dai a ganina alwala ce ke kashe wa yara gwiwa fiye da sallar kanta. Yaro ɗan shekara 12 ba zai ɗaga ƙafa cikin wurin wanke hannu abokai na kallo ba, sai ya bar sallar ya yi shiru. A saya masa huffi na fata. Ya yi cikakkiyar alwala a gida, ya sa huffin yana da tsarki, ya ɗora takalmi a kai. A makaranta shafa kawai zai yi. A sayi takalmin da ya ɗan fi ƙafarsa girma, in ba haka ba zai matse shi ya cire. A saka masa darduma mara nauyi mai naɗewa da ɗan tawul a jaka. Su kuma 'yan mata, a nemo hijabi mai launin kayan makaranta, hakan na rage ce-ce-ku-ce.

Wata uwa, Manchesta: Allah ya saka da alheri. To Malam, Islamiyyar yamma fa? Suna dawowa a gajiye.

Malamin Islamiyya, Landan: Awa biyu kullum bayan wuni guda a boko ya yi wa ƙaramin yaro yawa. Kwana uku a mako ya isa, in dai za a yi tilawar minti goma sha biyar a gida kowace rana. Kafin a sa yaro, a tambaya ko an tantance malaman da binciken DBS (binciken hukuma kan ko mutum yana da tarihin aikata laifi), a kuma tabbatar ba a duka. Dorina a nan ba ta jawo komai sai jami'an kula da yara, da ƙin karatun. Wani abu kuma: yaron da ya faro da Warshu a gida zai tarar da Hafsu a nan, galibi da rubutun Indiya da Fakistan. A zaɓar masa ɗaya ya sauke. Haka zai ga masu ƙabalu da masu sadalu a sahu guda. A gaya masa tun da wuri cewa mazhabobi ne, kar wani ya ce masa sallar iyayensa ba ta yi ba.

Wani uba, Lesta: Biyu a taƙaice. Ranar Idi doka ta yarda yaro ya yi fashi don ibada, amma a sanar a rubuce tun kafin ranar, a ce za ta faɗo ɗaya daga cikin kwana biyu saboda ganin wata. Sannan iyaye na da ikon cire yaro daga darasin addinai da addu'ar taron safe. Ban cika ba da shawarar cirewa daga darasin ba. Gara a karɓi manhajar, a riga malamai tattaunawa da yaro a gida, musamman batun Annabi Isa (AS) kafin Kirsimeti.

Wata malamar firamare, Manchesta: Kar a manta da rigakafin mura na kaka. Wanda ake fesawa a hanci yana da jelatin na alade. Akwai na allura wanda ba shi da shi, sai a nema a takardar amincewar da makaranta ke aikowa, a mayar da ita kafin ranar da aka sa.